Rediyon Motarka: Ka Bar Na Asali, Ka Sa Android, Ko Ka Sayi Na Kamfani Mai Suna?

Duk wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ya san wannan ranar. An yi canjin mai, an sa tayoyi, takardu sun fito, sai ka zauna ka ƙura wa rediyon da ta zo da shi ido: faifan CD kawai yake ci, babu Bluetooth, babu wurin soka fulash. Kafin mako ya zagayo wani aboki zai ce maka, "Malam, cire wannan tsohon abin ka sa Android mana." Idan ka je wurin rewaya ma abin da zai faɗa ke nan, tun da aikinsa ne.

Na taɓa bin wannan shawara ban yi tambaya ba, a kan wata Honda Accord ƙirar 2004. Allon ya yi kyau, kowa ya shiga sai ya yaba. Amma daga ranar, in na ajiye motar kwana biyu ba ta tashi sai an tura ko an kawo wani batir. Har sabon batir na saya kafin wani dattijon rewaya ya buɗe bayan rediyon ya nuna mini wayoyi biyu, ja da rawaya, an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da salatif. Tun daga nan na daina ɗaukar canjin rediyo a matsayin ƙaramin aiki.

Hanyoyin da ke gabanka uku ne. Ko ka bar rediyon asali ka ƙara masa ɗan abin da zai haɗa shi da wayarka, ko ka sa babban allon Android irin wanda ya cika kasuwa, ko kuma ka sayi rediyon kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Pioneer, Sony, Kenwood, JVC da Alpine. Wadda ta fi dacewa da kai ta dogara ne da irin motarka fiye da yadda ta dogara da aljihunka.

Tukuna, da gaske ya mutu?

Da yawa daga rediyon da ake cirewa a jefar lafiyarsu ƙalau. Idan bai kunnu ba sam, fara da fiyus. Yawancin motoci suna da guda biyu da suka shafi rediyo, ɗaya na wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, ɗaya na wutar dindindin da ke riƙe agogo da tashoshin da ka adana. Sau da yawa ɗaya yana cikin mota ƙarƙashin sitiyari, ɗayan yana akwatin fiyus na gaban inji, mutum ya duba ɗaya ya ga lafiya ya yanke hukunci.

Idan Honda ce kuma allon ya rubuta CODE bayan an cire batir, wannan ba lalacewa ba ce, kariyar sata ce. Lambobi biyar yake nema. Duba cikin akwatin ajiya na gaban fasinja ko cikin littafin motar, akan sami ɗan kati ko takarda a manne. In babu, a yawancin Honda na wannan zamanin ana danna maɓallin 1 da na 6 tare sannan a kunna rediyon, sai ya nuna lambar jikinsa, wadda da ita ake nemo lambar buɗewa. Kada ka tsaya kana cankar lambobi, domin in ka yi ta kuskure zai kulle kansa. Volkswagen ma tana da irin wannan, nata SAFE take rubutawa.

Idan kuwa allo yana kawowa amma babu sauti, ko sautin yana ɗaukewa in ka buɗe ƙofa, to zargi sifika da wayar da ke bi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Shekara ashirin ana buɗewa ana rufewa, wayar takan karye a ciki. Sabon rediyo ba zai gyara wannan ba.

Barin na asali

Wannan ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ita nake fara ba mutum shawara a kai. Rediyon da kamfanin mota ya sa an gwada shi da zafi da girgiza, an daidaita shi da sifikun motar da eriyarta da maɓallan sitiyari. Yana kawowa nan take in ka murɗa makulli, yana mutuwa murus in ka zare. Maɓallansa manya ne, hannu yana gane su ba sai ido ya bar titi ba.

Abin da ya rasa shi ne haɗuwa da waya, kuma wannan yana da magani iri-iri. Motocin da suka zo da ramin AUX, wato ɗan ramin soka wayar sauti, kamar Camry daga 2007, Accord daga 2008 da Corolla daga 2009, ɗan ƙaramin Bluetooth da ake sokawa a ramin ya ishe su, kuma sautin yana fita tas. Waɗanda suka girme su, da yawa suna da soket a bayan rediyo wanda aka tanada domin na'urar canza faifai, akwai kuma ɗan akwatin da ake sokawa a wurin ya yaudari rediyon ya ɗauka faifai ne, alhali waƙar ko karatun daga wayarka yake zuwa. Ba a yanka waya ko ɗaya. Mafi araha shi ne wanda ake sokawa a ramin caja ya aika sauti ta zangon FM. Yana aiki, amma a cikin gari mai tashoshi da yawa kamar Kano ko Kaduna za ka riƙa jin shuuu da kutsen wata tasha, kuma sautin bai kai na sauran biyun ba.

Sai dai akwai wata matsala ta gaske da ba kowa ya san tushenta ba, wato ƙasar da aka yi wa rediyon. Na motocin Amurka a zangon FM yana tsalle ne bibbiyu a kan lambobin mara: 88.1, 88.3, 88.5, har zuwa 107.9. Mun yi sa'a tashoshinmu da yawa a kan irin waɗannan lambobi suke, kamar Freedom Radio Kano a 99.5, Arewa Radio a 93.1 da Dala FM a 88.5, saboda haka yana kama su daidai. Amma tashar da lambarta ta ƙare da sifili, 2, 4, 6 ko 8, gefenta kawai zai kama. A zangon AM abin ya fi tsanani. Amurka tana tsalle goma-goma, mu kuma a Afirka da Turai tara-tara ne. Lambar 594 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da ita, rediyon Amurka ba shi da ita, daga 590 sai 600. Ga direban da ke dogon zango yana son AM a daji, wannan dalili ne mai ƙarfi na canji. Rediyon motocin Turai ba shi da wannan damuwa.

A kula kuma da tsofaffin rediyon da aka yi domin cikin Japan, waɗanda kan shigo kasuwar kayan gyara. Nasu FM daga 76 zuwa 90 yake tsayawa. Za ka kama Dala FM ka yi murna, ka nemi Freedom ka rasa.

Allon Android

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Taswira a babban allo tana da amfani ga wanda ke shiga garin da bai sani ba. Kyamarar ribas kuwa, a unguwanninmu da yara ke wasa a lungu har bayan mota, ni a wurina ita ce hujja mafi girma ta sa allo, ta fi duk wata waƙa da bidiyo. Ga shi ana yin su da firam daidai da dashbod ɗin kowace mota, ya zauna kamar da shi ta zo.

Matsalar ita ce sunan Android ba ya gaya maka komai game da ingancin abin da ke ciki. Yawancinsu ba su da kamfanin da za ka koma wa. Biyu za su yi kama a fuska, ɗaya yana da ƙwaƙwalwar aiki gig 1, ɗaya gig 4, kuma akwai waɗanda aka gyara musu rubutu su nuna abin da ba su da shi. Mai gig 1 zai yi ta sanƙarewa da zarar ka buɗe taswira da waƙa tare. Ni ba na ba kowa shawarar ya sayi ƙasa da gig 4 in dai da gaske zai yi amfani da taswira, kuma a sa manhajar duba kayan ciki a gwada a gaban mai shago kafin a biya.

Sai zafi. Kwamfuta ce ƙarama aka cusa a cikin dashbod. A watan Maris da Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Zinder, inda zafin waje kan haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana cikinta ya fi haka nesa. Masu arahar sukan fara da taɓa allo ya ƙi amsawa, sai kashe kai da kunna kai, wani lokaci gam ɗin allon ya saki. Wanda ke da faffaɗan ƙarfen sanyaya a baya da 'yar fanka ya fi jurewa. Ɗaga shi a hannu ma yana ba da labari: wanda ka ji shi sakayau kamar fanko, to an rage wani abu.

Kamun tasha kuma shi ne kukan da aka fi yi. A nan laifin ya rabu biyu. Wasu na'urar kamun tasharsu ce mai rauni, wasu ma babu AM gaba ɗaya, don haka a tambaya. Amma sau da yawa laifin mai haɗawa ne. Motoci irin su Accord da Camry eriyarsu a jikin gilashin baya take, tana da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke buƙatar wuta. Shuɗiyar wayar da ke fitowa daga sabon rediyo ita ce ke ba shi wutar. In aka bar ta a sake, tashar da ke cikin gari ma da ƙyar za ta kama. Aikin minti biyar ne, amma mutane da yawa sun haƙura da sauraren rediyo a mota saboda shi.

Game da batir, ga yadda abin yake. A tsarin launin wayoyin rediyon kasuwa, rawaya ita ce wutar dindindin, ja ita ce wutar makulli, baƙa ita ce ta jikin mota. Jar ce ke gaya wa rediyo an kashe mota, ya kwanta. Mai gaggawa in bai nemo wayar makulli ba sai ya haɗa ja da rawaya a kan wutar dindindin. Ka kashe allo ka ɗauka ya mutu, alhali yana nan yana sha. Yi lissafi: in yana jan rabin amp (amp shi ne ma'aunin wutar da abu ke ja), a kwana ɗaya ya sha amp-awa 12. Batir mai amp-awa 60 bayan kwana biyu zuwa uku ya yi raunin da ba zai juya kik ba, musamman in dama ya tsufa. Motar da ke lafiya, in an kashe ta an rufe an jira ta ɗan lokaci, abin da take ja bai kamata ya wuce kimanin miliamp 50 ba. Kowane rewaya mai mita zai iya auna wannan a kan ƙafar batir ta nagetif, ya riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har ya ga wanda ya sa lambar ta faɗo. Ka nemi a yi maka wannan awon a ranar da aka sa rediyon, kana tsaye.

Abu na ƙarshe a kansa ba na inji ba ne. Allon da ba shi da maɓallin murɗawa dole ka dube shi kafin ka rage murya. Bidiyo kuma yana kunnuwa ana tafiya. Na ga direbobin haya suna kallon fim a hanyar Kaduna zuwa Zariya da mutane cike da mota, kuma wannan abu yana tayar mini da hankali ƙwarai.

Na kamfani mai suna

Wannan ita ce tsaka-tsakiya. Girmansu iri biyu ne da duniya ta amince da su: siriri mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, da mai ninki biyu, 180 da 100. Siririn mai Bluetooth da ramin fulash da maɓallin murɗawa ya wadatar da mafi yawan mutane, kuma na kasuwarmu da na Turai suna zuwa da tsallen tashoshi irin namu, wasu ma ana iya sauya musu. Mai allon kuma yawanci ba ya ɗauke da manhajoji a cikinsa, wayarka yake haskowa ta Android Auto ko Apple CarPlay. Wannan fa'ida ce babba: taswirar da datar duk na wayarka ne, in ka sauya waya ya sabunta, shi kuwa allon Android mai araha yadda ka saye shi haka zai tsufa.

A sauti da kamun tasha da jure zafi, na gaskensu ya fi Android mai araha, babu tantama a wurina. Inda suka gaza shi ne tsada, da ƙaramin allo, da kuma jabu. Rediyon da aka buga wa sunan Pioneer ko Sony alhali ba nasu ba ne sun yi yawa. Duba lambar samfurin a shafin kamfanin, ka kwatanta hoton gaba da na baya. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Kada kuma rubutun 4x50W ko 4x60W ya ruɗe ka, a kan Android ne ko a kan mai suna. Wannan ƙololuwar ƙiftawar ido ce. Ƙarfin da rediyo ke iya bayarwa a ɗore daga wutar mota zuwa sifika mai om 4 kimanin wat 20 ne kowace kusurwa. Saboda haka in abin da ke damunka shi ne sauti, kuɗinka ya fi amfani a kan sifikun ƙofofin gaba. Na asalin takarda ne, zafi da shekaru sun cinye bakinsu. Sifiku biyu masu kyau a kan tsohon rediyo sun fi sabon allo a kan yagaggun sifiku daɗin ji.

Motar ce ke da magana ta ƙarshe

A Corolla ta 2003 zuwa 2008 rediyo zaman kansa yake yi. Ana ɗaga murfin da ke kewaye da giya, a zare maɓallin tsakiya na esi a kwance sukurun da ke bayansa, a janyo wannan fuskar, sai kusoshi huɗu na sifana lamba 10. Duk hanyoyi ukun a buɗe suke gare ka. Camry ta 2007 zuwa 2011 ma ba ta da wuya, sai fa wadda ka ga an rubuta JBL a jikinta. Wannan tana da amfilifaya daban, kuma in ba a sayi soket ɗin da ya dace da ita ba, sabon rediyo zai kawo wuta amma shiru za ka ji.

Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da ƙanwarta DC, ita ce mai sarƙaƙiya, domin rediyo da maɓallan esi a jiki ɗaya suke. Ka cire rediyo, ka cire sarrafa esi. Allon Android na wannan mota yana zuwa da nasa allon sarrafa esi, kuma dole ya dace da irin taka, mai sanyi ɓangare ɗaya ce ko mai ɓangare biyu. In aka yi kuskure sai iska ta ƙi sauya hanya ko kwamfireso ya ƙi ɗauka. A wannan mota ni na fi son a bar na asali a wurinsa a ƙara masa Bluetooth, ko a sa siririn rediyo a aljihun da ke ƙasa, wanda akwai firam da aka yi domin haka. Duhun allo da ke damun na 2003 da 2004 kuwa matsala ce sananniya ta faifan lantarkin ciki, kuma masu gyaran rediyo suna iya ta.

Motocin Volkswagen sai da 'yan siraran makullai ake zaro rediyonsu, kada a sa sukundireba a fasa fuska. A soket ɗinsu gurbin wutar dindindin da na makulli a juye suke, shi ya sa sabon rediyo kan manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, maganin kuwa a musanya ja da rawaya ta ɓangaren rediyon. A Golf 4 da sa'o'inta akwai wata waya a soket ɗin da ke zuwa wurin soka kwamfutar bincike, in sabon rediyo ya tura mata wuta sai kwamfuta ta kasa karanta motar. Peugeot 307 na baya-baya da 407 kuma rediyonsu yana magana da kwamfutar motar, har in ka ɗauko na wata motar ka sa ba a shigar masa da lambar jikin taka ba, zai riƙa yin ƙara tit-tit. In za a sa sabon rediyo, irin waɗannan motoci suna buƙatar ɗan akwatin canbus, wanda ke haɗa shi da kwamfutar motar, kafin maɓallan sitiyari da ƙaramin allon sama su ci gaba da aiki.

Kowace ka zaɓa, sharaɗina ɗaya ne ga mai haɗawa: kada ya yanke soket ɗin asali. Akwai soket na haɗi da aka yi wa kowace mota, a neme shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko wurin mai sayar da rediyon, a yi duk ɗaurin waya a jikinsa. A cire kan batir na nagetif kafin a fara, bayan ka tabbatar kana da lambar buɗe rediyon in mai lamba ne. A yi amfani da abin ɓamɓara na roba, domin robar dashbod da ta sha rana tana karyewa kamar ƙwai. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a can ciki na jakar iska ne, ba ruwanka da shi, kuma kada a murɗa makulli alhali wasu soket suna cire, don a wasu motoci hakan kan kunna fitilar jakar iska sai an kai ga kwamfuta. In bayan an gama ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa yana sauka tare da totur, baƙar wayar ce ba ta samu tsaftataccen ƙarfe ba, a kankare fenti a ɗaure ta da kyau.

Idan rediyonka yana aiki kuma buƙatarka karatu da waƙa da amsa kira ne, bar shi, sa masa Bluetooth, ka sauya sifikun gaba. Idan kana dogon zango kana son AM da FM masu ƙarfi da abin da zai yi shekaru, sayi na kamfani mai suna, ko da siriri ne. Idan kuwa taswira da kyamarar ribas ne a ranka, mai suna mai Android Auto shi ne na farko, in kuɗi bai kai ba sai Android mai gig 4 da fanka, daga shagon da zai karɓa in ya ba da matsala. Tsohon rediyon kuma a naɗe shi a leda a ajiye tare da kusoshinsa da firam ɗinsa, domin ranar sayar da motar akwai mai sayen da zai tambaye shi.